Nasiha ga 'Yata Mai Son Likitancin Jiragen Sama



Tun da kika kammala bautar ƙasa kika ce ranki ya kwanta da likitancin jiragen sama da sararin samaniya, na san za ki sha tambaya. Wasu za su ce ina ruwan 'yar Hausawa da lafiyar 'yan sama jannati, alhali zazzaɓin cizon sauro bai bar mu mun huta ba. Kada ki ji haushin masu faɗin haka, tambayarsu tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin abin da zan gaya miki. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, wannan fanni ba a koyonsa a kaɗaice. Yana da jama'arsa, yana da ƙungiyoyinsa na duniya, kuma likitan da bai shiga cikinsu ya ji na wasu ya faɗi nasa ba, iliminsa zai tsufa a hannunsa bai ankara ba.

Bari in fara miki da inda abin ya samo tushe. A watan Afrilu na 1875, wasu Faransawa uku suka hau balan-balan mai suna Zenith daga birnin Paris. Wani likita masanin aikin jiki, Paul Bert, ya riga ya nuna musu cewa iskar oksijin ce garkuwar mai hawa sama, har sun tafi da ita a cikin jakunkuna. Amma suka yi ta tattalinta, suna jira sai buƙata ta yi tsanani. Da suka kai wajen mita 8,000, buƙatar ta zo, hannu kuma ya ƙi ɗaguwa balle ya kai bututu baki. Biyu daga cikinsu, Sivel da Croce-Spinelli, suka mutu a cikin kwandon. Gaston Tissandier kaɗai ya sauko da rai, ya kuma rubuta duk abin da ya ji a jikinsa kafin hankalinsa ya gushe. Shekara uku bayan haka, a 1878, Paul Bert ya fitar da babban littafinsa kan matsin iska, wanda har gobe ake ɗaukarsa harsashin wannan ilimi. Ki lura da yadda aka yi: wani ya rasa ransa, wani ya rubuta, wani ya tattara ya bayyana dalili. Da haka aka gina fannin nan tun ranar farko, kuma kusan kowace ƙa'ida da za ki karanta a cikinsa akwai wanda ya biya kuɗinta da lafiyarsa ko da ransa.

Da jirage suka yawaita, sai likitocin da ke duba matuƙa suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1929 Dakta Louis Bauer, wanda shi ne ya fara shugabantar sashen lafiyar matuƙan farar hula a Amurka, ya tara takwarorinsa a birnin Detroit suka kafa ƙungiyar da a yau ake taƙaita sunanta da AsMA. Hedikwatarta tana Alexandria a jihar Bajiniya, tana da mambobi daga ƙasashe masu yawa, tana taro kowace shekara, tana kuma fitar da mujallar bincike duk wata. Ba likitoci kaɗai ke cikinta ba, akwai ma'aikatan jinya na jirage, da masana aikin jiki, da masana halayyar ɗan Adam. Sannan a 1955 aka kafa Cibiyar Duniya ta Likitancin Jiragen Sama da Sararin Samaniya, wato IAASM. Ita wannan zaɓen mambobinta ake yi daga cikin waɗanda suka yi fice a aikin, kuma yawansu yana da iyaka. Tana aiki da Turancin Ingilishi da Faransanci, babban taronta yana zagayawa daga ƙasa zuwa ƙasa: an yi shi a Delhi a 2016, a Rum a 2017, a Bankok a 2018. Abin da ya fi shafarki a yanzu shi ne, tana ba matasan likitoci tallafin karatu domin su je su ƙware a wannan fanni.

Me ya sa sai an haɗa kai da duniya? Saboda jirgi bai san iyakar ƙasa ba. Matuƙin da aka duba lafiyarsa a Abuja zai kwana a Jidda, wanda aka duba a Alƙahira zai sauke fasinjoji a Yamai. Shi ya sa yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar da hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai zama a Montreal, wadda ta shimfiɗa mizanin lafiyar da kowace ƙasa ke ɗora dokarta a kai. Hukuma ita ke kafa doka, amma hujjar da ake kafa dokar da ita daga ɗakunan bincike da tarukan waɗannan ƙungiyoyi take fitowa. In an sassauta wa mai ciwon suga a wata ƙasa, ko an tsaurara wa mai wani ciwon zuciya, ki bi sawun maganar, za ki tarar an jima ana tafka muhawara a kanta a irin waɗannan taruka. Adashi ne, 'yata. Kowa yana zuba abin da ya gani a ƙasarsa, kowa yana kwasa in layi ya zo kansa, kuma wanda ya iya kwasa bai iya zubi ba, ba ya daɗewa da mutunci a cikin jama'a.

To, me za ki kwaso? Farkon abin da za a koya miki shi ne jikin mutum don ƙasa aka yi shi. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iska a ko'ina, amma matsin da ke tura shi cikin jini yana raguwa yayin da ake hawa. A wajen mita 5,500 matsin ya koma rabi. Jirgin fasinja yana tafiya a wajen ƙafa 35,000, don haka ake cusa iska a cikinsa har ya zama kamar ana zaune a tsayin da bai wuce ƙafa 8,000 ba, wato kusan mita 2,400, ninki biyu na tudun Jos. In wannan matsi ya ɓace farat ɗaya a can sama, abin da ya rage wa matuƙi na hankali mai amfani bai fi daƙiƙa 30 zuwa 60 ba.

Ina roƙon Allah ya sa ki shiga ɗakin rage matsin iska da kanki, don gani ya kori ji. Akan zaunar da matuƙi a ciki, a zuƙe iskar sannu a hankali, a ce ya cire abin shaƙar oksijin, a miƙa masa takarda da biro. Ya rubuta sunansa daidai a layin farko. A layi na uku haruffan sun fara hawa kan juna. A ba shi lissafin da ɗan firamare zai yi, ya tsaya yana kallon takardar yana murmushi, farcensa da leɓensa sun yi shuɗi-shuɗi. A ce masa ya mayar da abin shaƙar, ya gyaɗa kai ya ce to, hannun bai motsa ba, sai malamin ya manna masa da kansa. Bayan ya sheƙi numfashi kaɗan a nuna masa takardar, ya rantse ba shi ya rubuta ba. Mugun halin ƙarancin oksijin ke nan: yana fara kashe ɓangaren da zai gaya wa mutum cewa akwai matsala. A ranar 14 ga Agusta 2005, jirgin kamfanin Helios ya tashi daga Larnaka an bar makunnin matsin iska inda masu gyara suka ajiye shi. Ƙararrawa ta yi ƙara, matuƙan suka ɗauka ta wani abu daban ce, suna cikin neman dalili hankalinsu ya tafi. Jirgin ya ci gaba da tafiya da kansa har mai ya ƙare, ya faɗi kusa da Atina da mutum 121. Tsakaninsu da mutanen Zenith shekara 130, amma cutar ɗaya ce.

Za a kuma koya miki yadda kunnen ciki ke yi wa matuƙi ƙarya. In jirgi ya karkata a hankali, ruwan da ke cikin kunne ba ya jin karkatar, sai mutum ya ji a jikinsa cewa daidai yake tafiya. Muddin ido yana ganin inda ƙasa ta haɗu da sama, shi ke gyara kuskuren. Amma ki tuna hazon hunturu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ranar da ko ƙarshen unguwa ba a hangowa. A irin wannan rana, matuƙin da ya gaskata jikinsa ya ƙaryata na'urar gabansa ya shiga haɗari. Kin ga ashe maganar ba ta nisa ba ce. Jirgi ya fara sauka a Kano tun 1925. Kwalejin koyon tuƙin jirage ta Zariya tana nan tun 1964, makarantar EAMAC ta Yamai mai horar da jami'an hasumiya da masu hasashen yanayi tun 1963. Duk wanda ya fito daga waɗannan makarantu zai tuƙa jirgi ko zai ba jirage umarni, sai likita ya sa hannu a takardar lafiyarsa.

A nan ne nauyin yake, kuma a nan nake so ki buɗe kunne da kyau. Likitan asibiti, marar lafiya ke zuwa gare shi da ƙafarsa yana neman a gano ciwonsa. Ke kuwa mai lafiya ne zai zo miki yana addu'ar kada ki gano komai. Takardar matuƙin jirgin haya shekara guda take yi, in ya haura shekara 60 ta koma wata shida. Da ita yake ci da iyalinsa, da ita yake biyan bashin karatunsa. Na taɓa duba wani matuƙi, dattijon kirki, na auna jininsa sau da dama yana sama. Ina naɗe abin awon ya dube ni ya ce, likita, 'ya'yana uku suna jami'a. Bai ƙara komai ba. Daga baya ya zaro ƙullin magani daga aljihun jakarsa, wanda ya jima yana saya a kemis yana sha a ɓoye, don tsoron kada ya shiga fayil. Na ce masa hawan jini ba ya raba mutum da jirgi in an bi shi ta hanya. Aka dakatar da shi na ɗan lokaci, aka sauya masa magani zuwa wanda doka ta yarda da shi, jinin ya daidaita, ya koma bakin aikinsa. Abin da ya kusa halaka shi ɓoyewar ce.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, aikinki shi ne ki nemo hanyar da matuƙi zai ci gaba da tashi lafiya. Likitan da bai san komai ba sai hanawa, jahilcinsa yake rufewa da tsanani, kuma shi ke koya wa matuƙa ɓoye ciwo. Likitocin zuciya a Ingila sun fito da wani ma'auni a shekarun 1980: in haɗarin ciwo ya kayar da matuƙi farat ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 a shekara ba, kuma akwai matuƙi na biyu a gefensa, ana iya barinsa ya tashi. Da irin wannan ma'auni, mutanen da a da ake sallama har abada suka koma aiki. Ba za ki san inda aka kwana a kan irin wannan ba sai kina karanta mujallar ƙungiya kina jin abin da ake faɗa a taro. Na biyu, in amsar a'a ce, to a'a ce. Za a kira ki a waya. Za a turo wanda kike jin nauyinsa. Za a ce yaron ɗan wane ne, ko a ce kamfani ba shi da wani matuƙin. Ki amsa da ladabi, ki ba mutumin haƙuri, ki nuna masa abin da zai yi ya dawo, amma kada ki sa hannu. Bayan kujerarsa akwai mutum ɗari da wani abu da ba su san sunanki ba, sun kuwa damƙa miki amanar rayukansu.

Ciwon da ya fi wuyar ganowa shi ne na zuci. A ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙin jirgin Germanwings ya kulle ƙofa ya kai jirgin cikin duwatsun Faransa da gangan, mutum 150 suka mutu. Bincike ya nuna yana fama da ciwon damuwa, likitocinsa sun ba shi takardar hutu, ya ɓoye wa kamfani. Bayan wannan musiba, shawarar da masana suka fi ƙarfafawa ita ce a buɗe wa matuƙi ƙofar da zai kai kukansa ga 'yan'uwansa matuƙa da likitan da ya yarda da shi, ba tare da fargabar kora nan take ba. A wurinmu, inda namiji ke ganin faɗin damuwarsa gazawa ce, wannan aiki ya ninka wuya. Ki koyi tambayar mutum barcinsa da gidansa da basussukansa cikin mutunci, ki kuma iya riƙe sirri. Matuƙa suna labarin likitoci a tsakaninsu, kuma wadda aka sani da amana ita ake gaya wa gaskiya.

Yanzu ga zubinki a adashin. Kada ki shiga taron nan kina jin kin zo hannu rabbana. Akwai tambayoyin da ke ƙofar gidanmu waɗanda ba wanda ya fi mu damar amsa su.

Ga sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu wannan ciwo, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonsa. Ƙarancin oksijin shi ke lanƙwasa ƙwayar jinin, kuma tun shekarun 1950 aka ga masu rabin gadon ma saifarsu tana toshewa a jiragen da ba a cusa musu iska. Wane shiri ya kamata a yi wa mai sikila kafin ya hau jirgi? Yaushe yake buƙatar oksijin a hanya? Marasa lafiyar suna asibitocinmu na Kano da Zariya da Maraɗi, masu rubuta ƙa'idar kuwa yawancinsu suna inda ciwon ba shi da yawa.

Ga jigilar alhazai. Kowace shekara dubun-dubatar maniyyata ke tashi daga filayen jiragenmu, da yawansu tsofaffi, wasu ba su taɓa hawa jirgi ba. Ki dubi tsohuwa mai ciwon zuciya ko na huhu, wadda a ƙasa ma da ƙyar take hawa bene. Za ta zauna sama da awa huɗu a iska mai ƙarancin oksijin, busasshiya, ta ƙi shan ruwa don kunyar tambayar ina ne ban-ɗaki, ta ƙi motsa ƙafa don tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman da ya wuce awa huɗu a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Iskar da ke cikin kunne da hanji da duk wani gurbi na jiki tana kumbura da kusan kashi 30 cikin 100 a cikin jirgi in ya yi sama, shi ya sa wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ba a gaggauta ɗora shi a jirgi. Likitar da ta san waɗannan, ta tsaya a sansanin alhazai ta yi wa mutane bayani da Hausa, ta yi aikin da ba ƙaramin lada gare shi ba. In kuma ta rubuta abin da ta gani cikin tsari, shekara bayan shekara, ta kawo wa duniya ilimin da ake nema.

Ga azumi da aikin matuƙi da jami'in hasumiya a watan zafi, maganar da ke buƙatar likita da malami su zauna tare, kowa ya kawo saninsa. Ga zazzaɓin cizon sauro da magungunansa: akwai irin su meflokwin da aka hana matuƙa saboda jiri da rikita tunani da yake iya kawowa. Ga maganin mura irin su Piriton, da kowa ke saya a kemis, mai sa gyangyaɗi har bayan mutum ya ɗauka ya sake shi. Kuma ba mu manta da Yulin 2014 ba, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas ta jirgin sama, Dakta Stella Adadevoh ta hana mai ɗauke da ita fita daga asibiti, ta rasa ranta a dalilin haka. Filin jirgi ƙofar gari ce, kuma tsaron lafiyarta yana cikin aikin da kika zaɓa.

Sararin samaniya kuwa, ki karanta shi da sha'awa. Yuri Gagarin ya zagaya duniya cikin minti 108 a 1961. Valeri Polyakov, wanda shi kansa likita ne, ya yi kwana 437 a tashar Mir tsakanin 1994 da 1995 don a ga iyakar abin da jiki zai jure. An gano ƙashi yana zaizayewa da kashi 1 ko fiye cikin 100 kowane wata in babu nauyi. Mae Jemison ta yi aikin likita a Saliyo da Laberiya kafin ta shiga kumbo a 1992. Duba marar lafiya daga nesa, inda babu ƙwararre babu manyan kayan aiki, matsalar 'yan sama jannati ce, matsalar ƙauyukanmu ce kuma. Amma ki sani mafi yawan kwanakin aikinki a ƙasa za ki yi su, da abin awon jini da na gwajin ido da na ji, kuma babu ƙasƙanci a cikin wannan ko kaɗan.

Saura yadda za ki shiga. Ki fara ƙarfafa gindinki a likitanci na yau da kullum, don wanda bai iya sauraron ƙirji da karanta hoton bugun zuciya ba, ba abin da zai tsinana wa matuƙi. Ki nemi likitocin da hukumar jiragen sama ta ƙasa ta amince su duba matuƙa, da na sojan sama, ki gaishe su, ki roƙi zama kusa da su. Ki yi rajista da AsMA tun kina ƙarama a aiki, suna da reshe na ɗalibai da masu neman ƙwarewa. Ki nemi tallafin IAASM, ki duba makarantu irin su King's College da ke Landan, inda ake ba da horo a wannan fanni. In an hana ki a karon farko, ki gyara takardunki ki sake nema. A takardar neman, ki faɗi gaskiyar abin da kika yi da abin da za ki koma gida ki yi, kada ki yi ado da abin da ba naki ba. Ki koyi Faransanci, don 'yan'uwanki na Nijar da Chadi da Kamaru da shi suke aiki, sama guda kuma kuke tsaro. In kin je taro, ki je da ɗan binciken da kika yi da hannunki ko da na mutum hamsin ne, muddin alƙalumansa na gaskiya ne. Ki gaida manya, ki yi tambaya ba tare da jin kunya ba, ki karɓi gyara da fara'a. Kada ki yi gaggawar neman a jera miki haruffa a bayan suna. Irin wannan girma bin aiki yake yi.

In kin ƙware za a yi miki tayin zama a ƙasashen waje, da albashin da zai sa ki yi tunani. Ba zan ɗaure ki ba, rayuwarki ce, ki yi istihara ki shawarci iyayenki da mijinki. Amma ki sa a ma'auni cewa can suna da irinki da yawa, nan kuwa ƙidaya su ake yi. Duk inda kika zauna, ki horar da na bayanki, ki rubuta wa wata yarinya takardar shaida kamar yadda za a rubuta miki, ki kuma tabbata sunan ƙasashenmu yana fitowa a mujallun nan ta bakin 'ya'yansu.

Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya tsare hannunki daga sa hannu a kan ƙarya, ya haɗa ki da malamai na gari, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.

Baffanki.